YADDA AKE TATTARA KALMOMIN NEMA DA TSARA RUBUTU DOMIN MASU BINCIKE A INTANET

An shirya wannan ɗan littafi ne domin amfanin duk wanda ke da shafi a intanet, ko yake da niyyar buɗewa, watau kamar jami'in watsa labaru na hukuma, da sakataren ƙungiyar manoma, da malamin asibiti, da ɗan kasuwa mai son a san hajarsa. Dalilin da ya sa aka ga wajibi ne a yi shi kuwa shi ne, sau da yawa akan kashe kuɗi da lokaci a rubuta bayani mai kyau, a ɗora shi, sa'an nan ya zauna babu mai leƙa shi. Mutanen da aka yi dominsu suna can suna nema ruwa a jallo, amma sai su faɗa shafin wanda bai san kan al'amarin ba, ko ma na ɗan damfara. Mai karatu zai iya tuna watan Disamba na 2020, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Jama'a sun yi ta tambaya a wayoyinsu, ina ake yi, nawa ake biya, yaushe za a rufe. A irin wannan lokaci, duk shafin da ya fara bayyana a gaban mutum shi yake gaskatawa. Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a ce bayanin gaskiya shi ne a sahun gaba.

Sanin hanyar da za a bi shafi ya fito a sahun gaba wani fanni ne mai zaman kansa, wanda Turawa suka taƙaita sunansa da haruffa uku, SEO. Ba za mu iya ƙure shi a nan ba. Za mu tsaya ne a kan tushensa, watau gano kalmomin da mutane ke nema da su, da shirya rubutun da zai amsa musu.

Yadda injin bincike ke aiki

Injin bincike kamar ma'aikacin laburare ne wanda ba ya barci. Yana da wasu manhajoji masu yawo daga shafi zuwa shafi, suna bin mahaɗan da ke tsakaninsu, suna kwafo abin da suka tarar. Abin da suka kwaso sai a shigar da shi cikin wani babban fihirisa. Idan mutum ya rubuta tambayarsa, injin ba ya fita yawon nema a lokacin. Fihirisar nan yake dubawa, ya jero shafukan da yake ganin sun fi dacewa, na farko a sama.

Mafi yawan mutanen ƙasarmu da Google suke bincike. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa kamfanin a 1998. Dabarar da suka zo da ita ita ce ɗaukar mahaɗi a matsayin shaida: idan shafuka masu mutunci da yawa suna nuni zuwa ga wani shafi, to, alama ce yana da abin faɗi. Akwai kuma Bing na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2009. Tun daga wancan zamani an yi ta ƙara ma'aunai, har injin ya kai ga fahimtar ma'anar jimla gaba ɗaya, musamman bayan gyare-gyaren da Google ya yi a 2013 da 2019. Amma fa duk wayonsa, ba zai nuna abin da ba a rubuta ba, kuma ƙwarewarsa a Hausa ba ta kai ta Turanci ba. Don haka nauyin da ke kan marubucin Hausa ya fi yawa.

Harshen ofis da harshen jama'a

Kalmar nema ita ce abin da mutum ya rubuta, ko ya faɗa da baki, a akwatin bincike. Tana iya zama kalma guda, tana iya zama jimla sukutum. Babban kuskuren da ma'aikata kan yi shi ne rubutu da kalmomin da suka saba da su a ofis, alhali kuwa jama'a ba da su suke magana ba. Jami'i zai rubuta "Tsarin Rajistar Shaidar Zama Ɗan Ƙasa", mai nema kuwa abin da ya rubuta shi ne "yadda zan duba NIN dina a waya". Likita zai ce zazzaɓin cizon sauro, uwar yaro ta rubuta "maganin maleriya na yara", wata kuma ta ce "zazzabi da amai". Dukansu abu guda suke nufi, amma wanda ya yi rubutu da harshen ofis kaɗai ya rufe wa biyu daga cikinsu ƙofa.

A nan akwai wasu matsaloli da suka keɓanta da Hausa, ya kamata a daɗe a kansu. Ta farko ita ce ta haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Galibin masu waya ba sa wahalar da kansu wajen nemo su. "Kudi" suke rubutawa a maimakon "kuɗi", "kasa" a maimakon "ƙasa". Wannan na iya rikita injin, domin "kasa" da "ƙasa" kalmomi ne dabam, haka "baki" da "baƙi". Shawararmu ita ce, kada marubuci ya ɓata ƙa'idar rubutu don ya bi masu nema. Ya rubuta daidai a kanu da cikin bayani. Amma adireshin shafin, wanda dama da haruffa marasa lanƙwasa aka fi yin sa, sai ya ɗauki siffar da jama'a ke rubutawa. Bayan haka ya gwada neman kalmar ta hanyoyin biyu da kansa, ya ga ko sakamakon ya bambanta, ya rubuta abin da ya gani.

Ta biyu ita ce gauraya. Mutum guda yakan fara tambaya da Hausa ya ƙare da Turanci, musamman a sunayen hukumomi da jarrabawa da magunguna. Ba wanda ke neman JAMB da fassarar sunanta. Inda sunan da aka sani na Turanci ne, a bar shi yadda yake, a yi bayaninsa da Hausa. Ta uku ita ce bambancin karin harshe da na rubutu. Abin da Bakano ya kira da wani suna, Basakkwace na iya kiransa da wani. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuma suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Wanda yake son a karanta shi daga Legas har Maraɗi, lalle ne ya san waɗannan.

Inda ake samo kalmomin

Wuri na farko ba kwamfuta ba ne. A tafi wurin mutanen da jama'a ke yi wa tambaya kullum: akawun da ke zaune a kan kanta, da malamin gona, da unguwarzoma, da mai gabatar da shirin rediyo da ake bugo waya, da yaron shago. A ba kowane ɗayansu littafi ya rubuta tambayoyin da aka yi masa cikin mako biyu, da ainihin kalmomin mai tambaya, ba tare da gyara ba. Mun fi ba wannan hanya muhimmanci a kan sauran, domin ba ta cin ko kwabo, kuma ita kaɗai ce ke kawo tambayoyin waɗanda suka nema a intanet ba su samu ba har suka haƙura.

Daga nan sai a koma ga injin kansa. Idan ka fara rubuta kalma a akwatin Google, zai jero maka wasu jimloli da yake zaton su kake nufi. Daga binciken da wasu suka riga suka yi ya samo su. Rubuta "yadda ake noman", ka dakata, ka kwafe abin da ya fito. Sa'an nan ka ƙara harafi guda, "a", ka kwafe, ka share ka sa "b", haka har ƙarshen baƙaƙe. A tsakiyar shafin sakamako da ƙasansa kuma akan sami wasu tambayoyi masu dangantaka, su ma a kwashe.

Akwai kayan aiki uku na kyauta da kamfanin ya tanada. Google Trends, wanda aka buɗe a 2006, yana nuna hawa da saukar sha'awar mutane ga wata kalma tun daga 2004, kuma ana iya duba Nijeriya jiha jiha. A lura, lambobinsa daga 0 zuwa 100 ne, kuma ba yawan mutane suke nufi ba: 100 na nufin lokacin da neman ya kai ƙololuwa, sauran kuwa gwargwadonsa ne. Keyword Planner an yi shi ne domin masu sayen talla, yana ba da kiyasin yawan neman kalma a wata, ko da yake wanda ba ya kashe kuɗin talla kiyasi mai faɗi kawai ake nuna masa, kamar a ce tsakanin 100 da 1,000. Na uku shi ne Search Console, wanda za mu koma kansa a gaba. Akwai kuma na kuɗi, kamar Ahrefs da Semrush, amma da dala ake biyansu, kuma mai farawa ba ya bukatarsu.

Gargaɗi guda a nan. Waɗannan kayan aiki sukan nuna sifiri, ko su ce babu isasshen bayani, a kan kalmomin Hausa da yawa. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Neman ya rarrabu ne tsakanin siffofin rubutu iri iri, kowace ta yi ƙanƙanta har ma'aunin ya kasa kama ta. Kamfanin Google da kansa ya sha faɗi cewa kashi 15 cikin 100 na binciken da ake yi kowace rana sababbi ne, bai taɓa ganinsu ba. Idan malamin gona ya ce an yi masa wata tambaya sau goma a mako, maganarsa ta fi ta ma'aunin.

Me mai nema yake so?

Tara kalmomi ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an gane nufin da ke bayan kowace. Ɗauki kalmar "taki". Wanda ya rubuta "farashin buhun taki" saye yake son yi, ko yana lissafin aljihunsa. Wanda ya rubuta "yaushe ake sa wa masara taki" ya riga ya saya, ilmi yake nema. Wanda ya rubuta "bambancin NPK da yuriya" yana tsakanin biyu, bai yanke shawara ba. Wani kuma sunan wata hukuma ya rubuta, ƙofar ofishinta kawai yake so a nuna masa. In ka ba mai tambayar farashi tarihin masana'antar taki, zai juya nan da nan, kuma da gaskiyarsa.

Hanya mafi sauƙi ta gane nufi ita ce ka nemi kalmar da kanka, ka dubi shafukan da suka fito a farko. In duk bidiyo ne na koyarwa, to, masu neman sun fi son gani da ido. In jerin farashi ne, ka san abin da ake so. In kuwa ka tarar ba wani shafin Hausa na kirki, sai na Turanci ko fassarar inji marar kan gado, to, ka sami fili wanda ba mai shi, kuma irin wannan fili yana da yawa a harshenmu.

Gajerun kalmomi irin su "noma" ko "lafiya" masu nemansu suna da yawa, amma manyan gidajen jarida da rediyo sun riga sun mamaye su, kuma nufin mai nemansu a duhu yake. Doguwar tambaya kamar "yadda ake adana wake kada ƙwari su ci" masu yin ta kaɗan ne, amma kowannensu ya san abin da yake so, kuma ƙaramin shafi na iya zama na farko a kanta. Mai farawa ya fara da dogayen.

Jadawalin aiki

Yanzu sai a zuba duk abin da aka tara cikin jadawali guda, a kwamfuta ko a babban littafin rajista. Kowace kalma da layinta. A gefenta a rubuta sauran siffofin da ake rubuta ta, da inda aka samo ta, da nufin mai nema, da watannin da aka fi nemanta, da kiyasin yawa in an samu. A bar gurbi biyu a ƙarshe, ɗaya na shafin da zai amsa ta, ɗaya na sunan wanda aka ɗora wa rubutun.

Sa'an nan a zo ga aikin da ya fi kowane bukatar natsuwa, watau kasa kalmomin kashi kashi. Ƙa'idar ita ce, duk kalmomin da amsa guda za ta gamsar da su, kashi guda ne, kuma shafi guda za a yi musu. "Lokacin shuka masara", "yaushe ake shuka masara" da "watan da ake shuka masara" tambaya ɗaya ce cikin riga uku. Wanda ya yi musu shafi uku ya raba ƙarfinsa, kamar mai rumfa uku a layi guda yana sayar da kaya iri ɗaya, yana karya wa kansa ciniki; injin ya rasa wanda zai fifita, wani lokaci ya yar da duka.

Bari mu yi misali da ƙungiyar manoman masara. Za ta yi babban shafi guda, mu kira shi uwa, wanda ya taɓo noman masara tun daga sharar gona har kai amfani rumbu, kowane mataki a taƙaice. Ƙarƙashinsa sai 'ya'ya, kowane da batunsa: zaɓen iri, inda za a ambaci irin SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ke fitarwa; lokacin shuka a kudu da arewa, tun da damina ba rana guda take sauka ba; sa taki; tsutsar nan mai cin kunnen masara wadda aka fara gani a ƙasar nan a 2016; girbi da shanya; da ajiya. Uwa ta yi nuni zuwa ga kowane ɗa, kowane ɗa ya yi nuni zuwa ga uwa da 'yan'uwansa na kusa. Ta haka mai karatu ba ya ɓata, manhajar injin ma tana samun hanyar bi. Kalmomin da ba su sami gida a wannan tsari ba, kada a tilasta su. A ajiye su a wani shafi na jadawalin har lokacinsu ya zo.

Wane za a fara rubutawa? A auna abu uku: yawan masu bukata, girman cutar da rashin sani zai jawo, da ko muna da wanda ya san amsar da gaske. A ganinmu na biyun ya fi nauyi ga ma'aikatun hukuma. Bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa ya cancanci gaba, ko da masu nemansa ba su kai masu neman sakamakon wasan ƙwallo ba.

Kalandar rubutu

Tambayoyin jama'a suna bin yanayi. Maganar iri da taki kafin faɗuwar ruwa take tashi, ta maleriya da kwalara da damina, ta sanƙarau da rani da bazara, ta ajiyar hatsi da kaka. Ɗalibai suna da lokutansu na rajistar jarrabawa da na duba sakamako. Azumi da Salla da aikin Hajji kuwa suna bin watannin Musulunci, waɗanda ke matsowa gaba da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, saboda haka ba a kwafe kalandar bara a ce ta bana ce.

Sabon shafi yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin injin ya gan shi ya ba shi matsayi. Wanda ya jira sai ruwan farko ya sauka kana ya rubuta bayanin zaɓen iri, ya makara. A ƙidaya baya daga watan da ake bukata, a ba da aƙalla wata biyu. A kalandar a rubuta ranar gama rubutu, da ranar da masani zai duba, da ranar ɗorawa. Kada a ɗauki abin da ya fi ƙarfi. Ofishin da ke da marubuci guda, shafi guda ingantacce a mako ya ishe shi.

Rubutun kansa, da abubuwan da za a guje wa

Kanun shafi ya ɗauki tambayar da kalmomin mai nema, kuma ya zama gajere, domin abin da ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka akan datse shi a jerin sakamako. Amsar ta zo a sakin layi na farko. Gaisuwa da tarihin ma'aikata su dakata. A rubuta ranar da aka sabunta bayanin da sunan ofishin da ya fitar da shi. A tuna cewa a waya za a karanta, kuma da kuɗinsa mai karatu ya sayi data, don haka a rage nauyin hotuna. Google ma siffar shafi ta waya yake dubawa wajen shigarwa cikin fihirisa, aikin da ya ba da sanarwar kammalawa a 2023. Wata ɗabi'a da ta yi katutu a ofisoshi ita ce ɗaukar hoton takardar sanarwa a liƙa shi haka nan. A daina. A buga rubutun da haruffa, hoton ya biyo baya in ana so. Ma'aikatun gwamnati su tsaya a kan adireshi mai ƙarewa da gov.ng, domin jama'a su bambance su da na bogi.

A da, wasu sukan cusa kalma guda sau hamsin a shafi, ko su ɓoye ta da launin da ido ba ya gani, ko su sayi mahaɗai daga shafukan banza. Wannan zamani ya wuce. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi. A 2011 ya fito da gyaran da ake kira Panda domin danne shafuka marasa nauyi, a 2012 kuma Penguin domin masu mahaɗan jabu. A 2024 ya tsaurara ƙa'ida a kan masu zubo ɗaruruwan shafuka marasa amfani don jan masu nema kawai, ko da hannu aka rubuta ko da manhajar ƙirƙirarriyar basira. Ba a hana amfani da irin wannan manhaja wajen tsara tunani ba, amma Hausarta takan yi tuntuɓe, takan kuma ƙaga abin da babu, saboda haka kada a ɗora ko layi guda sai masani ya karanta. Duk kuma wanda ya zo ya ce a biya shi ya tabbatar da matsayi na ɗaya, a sallame shi. Kamfanin da kansa ya ce ba mai iya ba da wannan tabbaci.

Bibiya

Da zarar an buɗe shafi, a yi masa rajista a Search Console, kyauta ne. Zai nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, da sau nawa ya bayyana, da sau nawa aka latsa, da matsayinsa a jeri, na tsawon wata 16 da suka shige. A ware rana guda kowane wata domin dubawa. Shafin da ke bayyana da yawa amma ba a latsa shi, mai yiwuwa kanunsa ne bai yi daidai da tambayar ba, sai a sake shi. Wani lokaci kuma dalilin shi ne taƙaitacciyar amsar da injin ke bayarwa da kansa a saman sakamako, abin da Google ya fara yaɗawa a 2024. A nan sai a ƙara wa shafin abin da taƙaitawa ba ta iya ɗauka, kamar adireshin ofis na kowace jiha da matakai dalla dalla. Shafin da ke matsayi na goma sha ɗaya zuwa na ashirin ya kusa shiga sahun gaba, ƙarin bayani kaɗan da mahaɗi daga uwa na iya tura shi. Sababbin kalmomin da aka gani a rahoton, waɗanda ba su cikin jadawali, a shigar da su a layinsu.

Bayanin da ya ƙunshi farashi, ko ranar rufe rajista, ko lambar waya, a sa masa ranar sake dubawa a kalanda tun ranar da aka ɗora shi. In lokacinsa ya wuce, a gyara shi a adireshinsa na asali maimakon buɗe sabo, domin matsayin da ya tara kada ya salwanta. In kuwa dole ne a rufe shi, a sa mai kula da shafin ya karkatar da tsohon adireshin zuwa sabon.